Usta Sharu da Sabuwar Unguwa

Usta Sharu Mailafiya, wato babban makanike, ya shekara talatin yana gyaran tarakta da motocin ɗaukar dawa a Gadarif, a ƙasar Sudan. Kakansa ya taso aikin hajji a ƙasa daga Katsina, ya tsaya noma a nan, bai ƙara gaba ba. Sharu bai yi makaranta ba, amma da jin kukan inji yakan faɗi ciwonsa.

Wata damina, a shekarun 1970, rafi ya cika ya rushe gidajen unguwarsu. Hukuma ta ba su sabon fili a kan tudu, aka ce dattawa su raba. Modibbo Jibrin, limaminsu, ya so a jera gidaje kusa da kusa don kowa ya samu.

Sharu ya tsuguna, ya ciro sifana daga aljihu, ya fara zane a ƙasa.

"Allah gafarta Malam, injin da ba ya shan iska, ruwa ba ya zagaya shi, hayaƙi ba ya fita, kafin azahar ya ƙone. Haka gari yake."

"Usta, mutane za mu zaunar, ba ƙarafa ba," in ji Modibbo. Aka kwashe da dariya, har da shi Sharun.

Bai fasa ba. Ya zana hanya mai faɗi ta inda iska ke shigowa, ya ja magudanai suna gangarawa rafi, ya sa famfon ruwa a tsakiya. Mahauta da maƙera da duk mai hayaƙi ya kai su can gefe. Kwana uku ana gardama. Aka rage faɗin hanyar, sauran aka karɓa.

Da ruwan farko ya sauka, mutane suka tsaya a ƙofar gida suna kallon yadda yake bin magudanai yana wucewa. Mata suka yi guɗa. Ummusalama, matar Sharu, ta dafa jabana, wato gahawa, ta aika wa dattawa.

Sai da Sharu ya zo kafa garejinsa kusa da gidansa, sai Modibbo ya tare shi yana murmushi.

"Usta, wa ya ce masu hayaƙi su koma gefe?"

Sharu ya dafe kai. "Ni ne, wallahi."

Haka ya kai garejin can gefen unguwa. Shekara goma sha tara yana taka wannan doguwar tafiya kullum da safe, yana tsayawa gaisuwa gida-gida. Bai taɓa buɗe gareji da wuri ba, direbobi kuma suka saba jiransa.