Alewar sadakar Tsahara

Ku ba ni amsar wannan kafin ku fara turo mini gaisuwa. Wace ce ake rataya wa zaƙi a wuya kullum, ba ta taɓa lasa ba, amma ita aka fara kora daga gida?

Da safiyar nan labari ya same ni, ina cikin dama kunu. Tsahara mai alewa ta rasu. Taubashiyata, wadda nake tsokana tun muna ƴan mata, ita ma ba ta taɓa raga mini ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na yi kuka. Yanzu haushi ya fi kukan yawa.

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a unguwarmu ya san farantinta. Ta gyaɗa, ta riɗi, da farar nan da take ja a ƙusar bango har ta yi sheƙi. Ran da baƙi suka zo mini daga Korahane ba sukari a gidan, ita ta jefa mini dunƙulen alewa cikin kunu, ta ce, "Dama, matsiyaciya, kar ki ba dangi kunya."

Bara likita ya ce tana da ciwon sukari. Babban ɗanta Isuhu ya taso daga Maraɗi, ya ɗauke tukunyar alewa ya kulle a shagonsa, ya zare ƙusar ya wurgar.

Isuhu, da kai nake. Na san tausayi ne, amma ka tambayi wani? Uwarka ba ta shan alewarta. Ko lasa ba ta yi. Cikin ruwan sanyi take ɗiga ta, in ta ƙandare ta san ta nuna. Da waɗanne haƙora ma za ta tauna? Likita baki ya hana, kai ka je ka ɗaure hannu.

Ban ce kai ka kashe ta ba, kwana na Allah ne. Amma ni na ganta zaune a tabarma tana kallon ramin nan na bango, ba wanda ke sallama a ƙofa yana neman alewa.

Ganinmu na ƙarshe, ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro ƙusar. Ashe cikin shara ta tsinto ta.

"Ungo, Hajo. Ranar sadakata ki ja musu ta gaske. In kika bari aka raba ta leda, ban yafe ba."

Na ce, "Ni zan riga ki, ko na huta da bakinki."

Ta ce, "Ke? Mutuwa ma gudun surutunki take."

To yau ban gama share hawaye ba sai ga zance wai an yi waya Maraɗi a kawo bombon, alewar ledar nan ta kanti, don sadakar uku. A gidan Tsahara.

Isuhu, na goya ka, ka yi mini fitsari a baya, don haka ba zan roƙe ka ba. Ka buɗe shago ka aiko da tukunyar gobe da sassafe. Sukari da gyaɗa nawa ne. Kafaɗata ta tsufa, ina son mata biyu masu ƙarfi cikin waɗanda suka girma da farantinta su zo su kama mini ja. In ka ƙi, a tukunyar miyata zan dafa, duk wanda ya ji warin daddawa in ce ya tambaye ka.

Allah Ya jiƙan Tsahara, Ya sanyaya kabarinta, Ya shayar da ita abin da ya fi wanda ta shayar da ƴaƴanmu daɗi. Wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ya haɗa da Isuhu, shi ma maraya ne yau.

Amsar kuwa ƙusa ce. Tana ɗaure a haɓar zanena, gobe za ta koma raminta.