Shekarar da Aka Hana Ni Goyo

Ranar kasuwar Badagishiri ce, cikin rani, shekarar da nake aji uku a lakwal. Inna ta tafi sayar da albasa, ta bar mini ƙanena Ilu, wanda ko zama bai fara ba. Na goya shi, na bi 'yan matan unguwa zuwa garka ɗibar ruwa. Rijiyar garkarmu ba a gine bakinta ba, itatuwa ne aka gitta, kullum a jiƙe suna santsi. Na sunkuya zan saki guga ke nan sai wani tunani ya faɗo mini: in majanyin nan ya kwance fa? In ni da hannuna na kwance shi fa? Na ga abin a raina kamar ya faru. Na yar da gugan, na ja da baya, na koma gida da tulu wayam.

Tunanin bai bar ni ba. Ina surfe yana nan, ina kai wa awaki harawa yana nan. Mushe, malaminmu, yana rubutu a allo, ni kuwa bakin rijiya nake gani. Da yamma ƙawayena suna gaɗa a dandali, ni ina gefe ina istigfari har bakina ya bushe. In na goya Ilu sai in yi ta ƙara ƙulli bisa ƙulli, har ya yi kuka don matsi. Abinci ya daina shiga. A ganina, muguwa ce kaɗai irin wannan zai zo wa a zuciya.

Da abin ya yi mini nauyi, na faɗa wa maƙwabciyarmu Iya Rabi, muna sussuka. Ba zan ɗauki alhakinta ba, wataƙila tsoro ne ya sa ta faɗa wa wasu. Amma kafin wata kasuwar ta zagayo, mata sun fara janye 'ya'yansu in na shigo gida. Wasu suka ce iska ce, wasu suka rage murya suka ambaci maita. Inna tana hawaye ta karɓe Ilu ta ba ɗiyar kawuna. A wurin suna, inda 'yan mata ke rububin ɗaukar jarirai, ni ko hannun yaro ba a bari in taɓa. Daga nan Baba ya yanke shawarar a fidda ni lakwal, a kai ni wurin wani mai magani a wajen Illela, inda ake aske kai a ajiye mutum sai yadda hali ya yi.

Ana cikin shirin nan Gwaggo Hassi, yayar Baba, ta iso daga Bazaga bisa amalanken jaki. Ta zaunar da ni a bayan rumbu, ta saurare ni har na gama, fuskarta ba ta canja ba. Abu ɗaya ta tambaye ni, ko daɗi nake ji in tunanin ya zo, ko tsoro. Na ce tsoro, kamar in mutu. Ta kama hannuna zuwa tsakar gida, ta ce wa Baba, "Dubi yadda ɗiyar ga ta rame. Mai nufin cuta ba ta ramewa haka. Ku ba ta ɗan'uwanta." Baba ya ce mutane za su yi magana. Ta ce su zo su yi da ita, kuma ba inda za a kai ni tana raye.

Ita ta goya mini Ilu, ƙulli ɗaya, ta hana ni ƙarawa. Muka ratsa unguwa da hantsi, mata suna leƙe ta darni, tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunansu. A bakin rijiya tunanin ya zo kamar kullum. Ta riƙe gefen zanena ta ce, "Bar shi ya zo, kar ki yi gardama da shi. Ke dai ja guganki." Na ja ina kuka. Washegari muka koma. Daga baya ta riƙa tsayawa nesa a gindin itacen bedi, can kuma ta daina raka ni. Sai da shuka ta kusa ta koma gidanta.

Yanzu na goyi nawa 'ya'yan har sun girma. Damuwa ba ta rabu da ni ba, nakan koma in duba ƙofar da na san na rufe. Ina zuwa likita a Konni, inda wata ma'aikaciya ta ce mini ciwo ne sananne, da maganinsa, kuma muna zama mu yi magana. Masu cewa addu'a ta isa, ina gaya musu ina yin duka biyun, kuma ba na ɓoyewa. A da ba mu da ɗakin da za a rufe ƙofa a saurare ka, mace ɗaya ce kawai ba ta ji tsorona ba, ga shi ta rasu ban iya gode mata yadda ya kamata ba. Ban warke sarai ba, amma ba mai sake karɓe yaro daga bayana.