Kakata da aljanar Sikotlan

Ina zaune a tsakar gida ina duba waya, Kaka ta ce in daina motsa baki ni kaɗai, in karanta a fili.

Tun da ta zo daga Ribah ta ji na samu gurbin ƙarin karatu a Sikotlan, ta ƙi sa wa tafiyar albarka. Baba kuwa ya ce ba inda za ni sai ta yarda. Ga shi kuwa labarin wata aljanar Sikotlan ɗin nake karantawa, mai sauya kama: wani lokaci mace, wani lokaci rabinta akuya, tana tsaron shanu. Haka na karanta mata.

"Ban ce akwai ta ba fa, Kaka. Labarin mutanen da ne."

"Maigida, wa ya tambaye ka? Mi suka ba ta ladan kiwo?"

"Madara. A ramin dutse ake zuba mata."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "Waɗanda suka tuna da cikin aljana ba su barin ɗan mutum da yunwa. Ka tahi."

Ban tabbata har yau ana zuba madarar ba, amma na yi shiru. Da ku ne, za ku gaya mata?