A Gindin Zanar Kaka

Ƙas! Ƙarar da rediyon kaset ke yi ke nan idan zare ya kai ƙarshe. Na daɗe ban ji ta ba sai a makon jiya, da ɗalibai suka zo daga Damagaram kwasar takardun Baba Babba, yayan mahaifina, don a adana su a jami'a. Ɗaya daga cikinsu ya saka wani tsohon kaset don ya ji ko yana da sauran rai. Da ƙarar nan ta fito sai na ji ƙanshin rama da jiƙaƙƙiyar ƙasa, na koma yarinya mai ɗan kitso biyu a tsakar gidanmu na Matameye.

Baba Babba farfesan tarihi ne a Yamai. Duk hutun damina sai ya zo gida da rediyonsa da kwalin kaset-kaset da wata jaka da ba ta rabuwa da hammatarsa. Ba ya zama. Yau yana Kance, gobe Kurni, jibi Ɗan Barto, yana durƙusa wa tsofaffi suna ba shi labarin da. Mu yara dariya muke yi masa a ɓoye: mutum ya yi karatu har ƙasar Faransa, ya dawo yana bin tsofaffin da ba su da haƙori yana cewa su ƙara maimaitawa.

A shekarun nan abin da yake bincike a kai shi ne wata tsohuwar yunwa, ta shekarar da fara ta cinye hatsi tun yana tsaye. Maza sun ba shi nasu: wane ne ke sarauta, wane gari ne ya watse, ina aka nufa. Amma abin da mata suka ci, da yadda suka yi da 'ya'yansu a hanya, babu namijin da ya sani. Matan da suka ga abin da idonsu kuwa sun kusa ƙarewa. Wadda ta rage da cikakken hankali tana cikin gidanmu, ita ce Kaka, mahaifiyarsa. Ga ta kuma kullum jiki na ƙara ja baya.

In kai ɗan yanzu ne za ka ce, to ya tambaye ta mana. Ai a nan matsalar take, domin shi ne ɗanta na fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In ya zo gaisuwa yakan durƙusa daga nesa, ita kuma ta kawar da kai ta amsa wa bango. Mutumin Yamai take ce masa. Kunyar ɗan fari ke nan irin ta mutanen da, kuma Kaka ba ta yi mata riƙon wasa ba. Ya aika gwaggona ta roƙe ta, ta dawo da amsa gajeriya: "Ni me na sani? Ya je ya tambayi masu gemu."

Mutumin da ya sa bakin dattawan ƙasar Kance kaf a cikin kaset, ya rasa yadda zai yi da wadda ta haife shi. Hutu na ta ƙarewa, kuma kowa a gidan ya san ba lalle ne wata daminar ta same ta ba.

Wata rana da la'asar, bayan an ɗauke ruwa, sai Kaka ta ce a ɗauke mata tabarma daga ƙofar ɗakinta a kai gindin zanar da ta raba cikin gida da ɗakin baƙi. Wurin ba inuwa, ga laima, ga kaji. A bayan zanar kuwa rumfar da Baba Babba ke zama yana rubutu take. Ta kira ni.

"Zo nan, ƙawata, ki taya ni tsinkar rama. Tunda uwarki ba ta koya miki komai ba, bari ni in ba ki labari."

Ta fara, da murya sama kamar mai kiran wani a gona. Na ce, "Kaka, ai ga ni kusa, ba kurma ba ce ni." Ta ce in rufe mata baki in yi aikina.

Ta ba ni labarin yadda rumbu ya zama wofi, maza suka yi gaba neman abinci, mata suka bi baya a ƙasa, suka nufi ƙasar Daura. Ta faɗi ganyayen da suka ci ɗaya bayan ɗaya, da wanda ke kumbura ciki, da yadda ake tona gidan tururuwa a kwashe 'yan ƙwayoyin da ta tara. Ta ce tana da goyo a lokacin, wani yaro, ba ta faɗi ko wane ne ba. Nono ya ƙafe. Yaron ya daina kuka, kansa na lilo a bayanta. Matan da suke tafe tare suka leƙa fuskarsa, suka dubi juna.

"Suka ce in sauke shi..."

Ƙas! Daga bayan zana.

Kaka ta tsaya cak. Ta ce in ba ta ruwa. Na kawo, ta ce ya yi ɗumi. Ta tsaya gyaran ɗankwali, ta kori kazar da ba ta yi mata komai ba. Ni duk na ƙagu. Sai da muka ji an buɗe murfi, an juya, an danna, sannan ta gyara murya.

"Suka ce in sauke shi, wai ya riga ya tafi. Na ce ba mai kwance mini goyo. Ni nake jin numfashinsa a gadon bayana, ba su ba. Na tauna dusa na ɗiga masa ruwanta a baki, muka ci gaba da tafiya."

A lokacin ban gane komai ba, haushin ruwan ɗumin kawai nake ji. Sai da na girma na fahimci ba da ni take ba ko kaɗan. Can Baba Babba ya fito, idanunsa jajur, ya durƙusa daga nesa kamar kullum ya ce sannu da hutawa. Ta kawar da kai ta dube ni.

"Ki gaya wa mutumin Yamai furarsa na nan a rufe, kar ƙuda ya riga shi."

Ta rasu kafin wata daminar. Shi kuma ya rubuta bincikensa, ya jera sunayen duk waɗanda suka ba shi labari da garuruwansu. Da ya zo kanta sai kawai ya rubuta "wata dattijuwa a Matameye". Ko a takarda bai iya kama sunanta ba.

Yanzu zana ta zama katangar siminti. Ɗana na fari da sunansa nake kiransa, mu yi hira a waya har caji ya ƙare, kuma ba na jin na yi laifi. Sai dai in na tuna Kaka nakan ji tausayinta da kewarta, in kuma tambayi kaina ko duk surutuna na taɓa gaya wa nawa ɗan abin da ya kai wanda ta gaya wa nata ta bayan zana.

Ɗalibin nan ya juya kaset ɗin, wanda na wannan labarin na Kaka ne, muka ji sauran har ƙarshe. Sannan ya ce, "Hajiya, shi yaron da ta goya, ya rayu kuwa?"

Na nuna masa kwalayen da suka cika bayan motarsu. Na ce, "Takardunsa ne kuke lodawa."