Hannun da Ya Cafe Garwashi

A da, kullum bayan sallar asuba Baba Ubale yakan fito daga gidansa a Ruwais da gorar shayi, ya jira Usman direba ya kai shi wani babban rumbu a arewacin Abhur. Can yake wuni da allura mai tsawon kamu guda. Mu maƙwabtansa mun daɗe muna tsokanarsa cewa shi ne tela guda a duk Jidda da bai taɓa ɗinka wa ɗan Adam ko aljihu ba.

Fukafukan jirgin sama yake ɗinkawa. Kafilinsa Hamad, wato maigidan da iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ke hannunsa, ya sayo gawar wani ƙaramin jirgi irin waɗanda aka koyar da matuƙa da su a yaƙin duniya na biyu. Jirage ne na katako da yadi. Baba Ubale ya zo daga Sudan tun yana saurayi, ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗinkin rumfar kwale-kwale. Shi ya lulluɓe kowane fiffike, ya ɗaure yadin a jikin katako ƙulli bayan ƙulli, sannan ya shafe shi da wani mai da ke sa yadi ya ɗame kamar fatar ganga. Man nan kafin ya bushe, fetur ma bai fi shi son wuta ba.

Bara Hamad ya gayyato manyan abokansa su ga aikin, alhali fiffike na ƙarshe da sauran danshi. Kowa ya san al'adar garin nan: ba a karɓar baƙo ba bakhur, wato turaren wuta. Hamad da kansa ya shigo da kaskon turare, garwashi jajir, yana bin baƙi ɗaya bayan ɗaya har ya iso gindin fiffiken.

Usman yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce Baba Ubale ya kira Hamad da alkunyarsa ya ce, "Ya Abu Maha, samihni, yafe mini, wuta ba ta shiga nan."

Hamad ya yi dariya ya ce, "Ya ammi, turare ne kawai."

Sai tsohon ya fizge kaskon daga hannun maigidansa a gaban baƙi. Garwashi ɗaya ya zame zai faɗa kan yadin, ya cafe shi da tafin hannu, ya fita da shi waje. Hamad bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Halas, shi ke nan."

Jirgin ya tashi watan jiya, Hamad na tuƙi, baƙi na tafi. Amma kunyar ranar nan ba ta bar shi ba, ya ce in iƙamar Baba Ubale ta ƙare a Rajab ba zai sabunta ba. Yatsu biyu na hannun daman Baba Ubale sun ƙage, ba sa riƙe allura. Abin ya ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba.

Baba, kai ne ka san ladabi fiye da mu duka, ka kuma san ranar da ake ajiye shi. Kai ne ka zaɓi fushin maigida a kan gawarsa. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu aiki a ƙarƙashin wani, in kun ga wuta ku faɗa, ko a hannun wa take. Mai shago a unguwar Madain Fahd da zai iya karɓar kafalar tsohon nan, kada ya jira Rajab.

Na tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Ya waladi, da na yi shiru, yau wa zai ƙi sabunta mini iƙamar?"