Ba Akuyar Kaka Ce Ta Cinye Littafin Kawu Ba

Har gobe kowa a gidanmu ya yarda akuyar Kaka ce ta cinye littafin Kawu Sale. 'Yan unguwa kuma sun yarda tun asali babu komai a cikinsa sai ƙaryar wanda ya yi yawon duniya ya dawo hannu rabbana. Duka biyun kuskure ne. Ni ce na yage shi, wata Laraba da safe, washegarin ruwan shuka, ina aji huɗu na firamare.

Kawu ƙanen Inna ne. Da can dillalin shanu ne, sai wata shekara ya bi ta Nijar ya ɓace, har Kaka ta gaji da kuka ta koma sadakar waina ranar Juma'a. Rana tsaka sai ga shi ya dawo Daura da jaka ɗaya da tari mai tsanani. Ya ce daga ƙasar Sifen yake. Babu mota, babu kuɗin gini, sai wani littafi mai kauri naɗe cikin tsohon rawani. Tun daga nan aka laƙa masa Sale Sifen.

Mu yara ne kawai muke sauraronsa. Bayan la'asar, idan mun gama ɗebo ruwa mun ba tumaki dusa, sai mu watsar da 'yar carafke mu kewaye shi a gindin darbejiya. Labarinsa kullum ɗaya ne, na wani tsoho marubuci da ya yi wa aiki a wani ƙauye cikin duwatsu. Kiwon awaki ya fara yi masa, daga baya ya koma tura masa keken guragu da yi masa wanka. Dattijo yake ce masa, ban taɓa jin ya kama sunansa gatsal ba. Ya ce Dattijo ɗan makiyayi ne, an kashe ubansa a yaƙin basasa yana ƙarami. Ya girma ya samu aikin gidan waya, yana tantance wasiƙun mutane da rana, yana nasa rubutun da sassafe kafin ya fita. Littafinsa na farko hukuma ta hana shi fita, ya kwana cikin akwati shekara da shekaru. Duk abin da ya rubuta bayan nan a kan ƙauyensu ne, yadda samari suka watse birni, aka bar tsofaffi da gidaje a rufe. Ba a san da shi ba sai da ya tsufa, sannan aka kira shi babban birni aka rataya masa lambar yabo. Kawu ya ce da Dattijo ya dawo gida ajiye ta ya yi cikin kwanon gishiri, ya ce, "Sun kawo mini nama bayan haƙora sun zube."

Da matarsa ta rasu sai ya ajiye alƙalami. A haka Kawu ya same shi, ba ya magana da kowa. Wata rana ya ga Kawu ya buɗe bakin akuya yana duba haƙoranta, ya tambaye shi wa ya koya masa. Daga nan hira ta ɓarke. Kawu ya ba shi labarin kara, kasuwar shanu, da yadda ake cinikin bijimi da hannu cikin riga, da rijiyar Kusugu, da yadda Fulani ke kiran kowace saniya da sunanta ta amsa. Tsohon ya nemi a miƙo masa takarda. Littafinsa na ƙarshe ke nan, kuma a shafin farko ya sa aka buga sunan Kawu, ya ƙara sa hannu a ƙasa. Da ya rasu magada suka sayar da gidan, Kawu ba shi da takardun zama, aka dawo da shi.

Manya ba su yarda ba. Malam Ado mai faci shi ne kan gaba a majalisar ƙofar gida. "Kai Sale, ka ji tsoron Allah. Bature ya rasa wanda zai sa a littafi sai mai wanke masa ƙafa?" Kawu ya daɗe yana shanyewa, ya ƙi fito da littafin don kada a jagwalgwala shi. Ranar Talata dai abin ya kai shi bango, ya ce gobe bayan la'asar zai kawo, kowa ya karanta sunan da idonsa. Da asuba ya ciro shi daga akwatin ƙarfe, ya warware rawanin, ya ajiye shi a kan dakalin zaure, ya ɗauki sungumi ya tafi gona, don ruwan shuka ba ya jiran kowa.

A gidanmu takarda iri biyu ce, Kaka ce ta koya mana. Mai rubutun Larabci, ko a kwata ka gan ta, ka ɗauka ka goge ka cusa a tsagar bango, don ba ka sani ba ko da sunan Allah a ciki. Ta boko kuwa ta ƙunshin ƙosai ce. Inna da ƙosai take ciyar da mu, kuma tsofaffin littattafan makarantarmu duk a bakin kaskonta suka ƙare. Ran nan takarda ta yanke, ga masu saye a tsaye, ni kuma na makara, ina tunanin bulalar bakin get ɗin makaranta. Inna ta ce, "Ke Hadiza, nemo mini takarda ko ta mece ce." Na faɗa zaure na ga littafi. Ban taɓa ganinsa a warware ba, amma kada in yi wa kaina ƙarya, raina ya ba ni. Na buɗe, na duba kamar yadda aka koya mini. Babu Larabci. Boko ne, amma ba Hausa ba, ba Turanci ba, har da alamar tambaya a kife. Na kama daga farko na fizge abin da hannuna ya iya, na kai wa Inna, na ruga makaranta.

Da la'asar ina leƙe ta bayan ƙyaure. Kawu ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a tsakiyar majalisa ya buɗe littafin. Ya juya, ya sake juyawa. Malam Ado ya ce, "To, ina sunan? Ko ya koma Sifen?" Aka kwashe da dariya. Kawu ya rufe littafin. Kaka ce ta fito ta rantse ta ga akuyarta a zaure, kafin kasuwa ta zagayo har an sayar da ita. Da magariba Kawu ya wuce ni a tsakar gida, ya dubi bangon littafin, inda yatsu huɗu na mai suka kwanta raɗau, ya dubi hannuna. Ya naɗe shi cikin rawanin ya shige ɗaki. Bai tona ni ba, bai kuma ƙara ba kowa labarin Dattijo ba. Da aka yi girbi ya tattara ya koma garin Babban Mutum da zama.

Yanzu Inna a leda take zuba ƙosai, an sare darbejiyar an yi shago, Kaka ta rasu tana zagin akuya. Na gama sakandare, ina riƙe da wayar da za ta iya nemo mini kowane littafi a duniya, amma ban san sunan mutumin ba, don Dattijo kawai Kawu yake ce masa, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Mutum ɗaya ne ya sani, kuma an ce idonsa ya fara tafiya, tarin ma ya dawo. Ni ba mai haƙuri ba ce, layin famfo ma ba na iya jira, amma ga shi na zauna da wannan magana fiye da rabin rayuwata.

Na sayi littafin rubutu mai bango mai tauri. Ranar Asabar zan hau mota zuwa Babban Mutum, in durƙusa in ce, "Kawu, ni ce." Ya riga ya sani, amma sai ya ji daga bakina. Sannan in tambaye shi sunan Dattijo, in rubuta duk abin da ya tuna. Idan na nemo shafin nan a wani kwafin littafin, majalisar Malam Ado zan fara kai shi.