Mai Riƙon Ƙarfe a Cikin Jirgin Yangoji

Kafin rana ta yi zafi Baba Thaddeus ya dawo daga gonar doya, ya wanke hannu, ya yaye tamfol daga kan jirginsa. I, jirgin sama nake nufi, ɗan ƙarami na alminiyum, a ƙarƙashin rumfa a bayan gidansa na Yangoji. Kaji sun daɗe da daina mamakinsa. Ni ne dai har yau ban daina ba.

Na san shi a shekarun da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas, aka watso mu Abuja kamar an zazzage buhu. Lokacin bodin mota yake bugawa a hanyar Kwali. A ayarinmu akwai Malam Hadi, injiniyan jirage mai lasisin tuƙi, wanda ya zo da zanen ƙaramin jirgi da burin haɗa shi da hannunsa. Ya kai gyaran ƙofar mota, ya ga hannun Thaddeus, shi ke nan aka ƙulla.

Fatar jirgi ba walda ake yi mata ba. Ƙananan ƙusoshi ake jerawa, waɗanda ake kira ribit, kuma mutum ɗaya ba ya iya buga su. Hadi na waje da bindigar iska mai buga ƙusa. Thaddeus na ciki a takure, ya danna dunƙulen ƙarfe a bayan ƙusar don gindinta ya baje. Ba sa ganin juna, ƙara kuma ba ta bari a ji magana, sai ƙwanƙwasa. Sau ɗaya, ƙara bugu. Sau biyu, ta zauna. Sau uku, ta lalace.

Da farko hannun mai bodi ya ci amanarsa. Ya saba raka guduma da ƙarfe, sai ya riƙa motsa dunƙulen, ƙusoshi suka kwanta a karkace. Matarsa Christiana ta ce ranar bai ci tuwo ba. Shi da kansa ya huda su ya fitar ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don in ramin ya faɗaɗa farantin alminiyum ɗin ya tashi aiki.

Kai ne na ciki, Baba, wanda ba ya fita a hoto. Mu 'yan kallo muna yaba santsin waje, alhali abin da ke riƙe jirgin yana ɓangaren da kai kaɗai ka gani.

Saura fukafukin hagu ciwon shanyewar jiki ya kama Hadi, aka mayar da shi gida Kazaure. Yana nan da rai, amma jiki sai ja baya yake yi. Burin Baba ɗaya ne, a gama jirgin nan Hadi yana da idon gani.

Wani mai kayan gyara ya kawo masa ribit ɗin da mutum ɗaya ke ja da filaya, ya ce kafin damina zai gama. Ina wurin. Baba ya daɗe yana juya ƙusar a tafin hannu, wallahi na ga yana so. Sai ya mayar masa.

"Oga, wannan wurin shi ne yana ɗauke nauyin jirgi duka. Wannan ƙusa ba zai riƙe ba. Hadi bai koya mini haka ba."

Yanzu 'yarsa Rosemary, ma'aikaciyar jinya a Gwagwalada, ita ke zuwa ran Asabar ta riƙe ƙarfen, shi ya koma kan bindiga. Aikin na tafiyar hawainiya. Nakan zauna ina sauraro, kewar waɗancan shekarun ta cika ni, lokacin da garin nan duk jan ƙasa ne kuma kowa na ganin zai gama abin da ya fara.

Kwanan baya na tsokani Baba, na ce in an gama ina zai fara zuwa. Bai yi dariya ba.

"Ni ban iya tuƙi ba, oga. Tun farko ni fasinja ne. Hadi ne zai kai ni in ga gonana daga sama."

Mun gode, Baba Thaddeus, mai riƙon amana inda ido ba ya kaiwa. Allah ya ƙara wa hannunka ƙarfi, ya ba Malam Hadi lafiya da tsawon rai. Ku kuma matasa masu sana'a, ku je Yangoji ku koyi yin aikin da ba wanda zai duba. In akwai matuƙin jirgi a cikin masu karatu, shi ma ya je. Kujerar matuƙi ba kowa a kanta.